Faifan Takaba

"In kin ga abin da bai dace ba, ki hwaɗa min," in ji Baffa Malami da motar ta tsaya. "Ni idanuna sun tahi hutu."

Ummukulsum ta ce to. Ta ɗauki jakarsa, ta kama masa hannu ya sauko.

Wannan shi ne mutumin da mahaifinta, Malam Attahiru na Danchadi, ya aiko ya binciko halin Kamal, mai neman aurenta. Ƙanensa ne, tsohon malamin Larabci, wanda yanar ido ta rufe masa ido ɗaya ta fara lasar ɗayan. A gida an ce ganin likitan ido ya kawo su Abuja, ita kuma ta rako shi ne don ma'aikaciyar jinya ce a Bodinga. Gaskiya ne, amma rabinta. Ɗaya rabin kowa a gidan ya san shi, har kaji.

Mahaifin nata bai ɓoye mata komai ba ranar da za su taso.

"Ke bazawara ta, Ummu, ba ni yi miki dole. Amma ɗiyata ba ta auren ɗan otal sai an gano min ko wane iri na. In Malami ya dawo yac ce yaron na da kirki, na yarda. In ko ba haka ba, mutanen Naziru sun daɗe suna jira da goronsu, kuma na gaji da ba su haƙuri."

Naziru dillalin albasa ne a Dingyaɗi, ɗalibin mahaifinta tun yana yaro. Ba shi da wani aibi. Irin mutanen nan ne da ake yabo a gaban idonsu, a manta da su da zarar sun fita zaure.

Kamal kuwa ɗan Shagari ne, ya karanta zanen gine-gine, aikinsa ƙawata cikin gidaje. Laifinsa ɗaya a wurin Malam Attahiru: babban aikin da ya yi suna da shi otal ne. A Danchadi kuma idan aka ce otal, ba gado da matashi ake tunawa ba.

Sunan otal ɗin Rumbu, ko da yake babu ƙwayar gero ɗaya a cikinsa. Yana cikin Wuse, a wani layi mai bishiyoyi inda rabin gidajen suka koma wuraren shan gahawa. Samari da 'yan mata na zaune a bakin titi da kwamfutoci a cinya, kowa na aiki, ba wanda ke gumi.

Ummukulsum ta tsaya tana kallon bangon ginin. Ja ne, mai kaushi, da sawun yatsu a jikinsa kamar yaɓen laka. Mahaifinta ya shafe shekaru yana tara ribar albasa don ya rufe lakar gidansu da siminti. A nan an ɗauko siminti an wahalar da shi har ya yarda ya yi kama da laka.

Kamal ya fito da sauri. Ya sa babbar riga da hula, abin da ba ta taɓa ganinsa da shi ba, kuma hular ta ɗan yi masa yawa. Ya durƙusa har ƙasa a gaban mutanen Wuse.

"Baba, barka da zuwa. An zo lafiya? Ya hanya?"

"Lahiya lau, yaro. Kai na Kamalun?"

"Ni ne, Baba."

"To, tashi. Gwiwa ba ta shaida."

Ya tashi. Ya dubi Ummukulsum sau ɗaya ya sunkuyar da kai, ita ma ta sunkuyar. Zuciyarta ta yi abin da ta saba yi duk lokacin da ta gan shi, abin da ta yi zaton an binne shi tare da Sulaiman, mijinta na fari.

Aka kai su sama, ɗakuna biyu a jere. Kamal ya manna wani kati a jikin ƙofa ta buɗe da kanta, fitilu suka kama ba wanda ya taɓa su.

Baffa Malami ya ja da baya. "A'uzu billahi. Wa ak ciki?"

"Ba kowa, Baba. Haka aka yi su."

Tsohon ya shiga yana lalube da sandarsa. Ya taɓa gado, ya taɓa kujerar jemammiyar fata irin ta Sakkwato, ya ci gaba har goshinsa ya bugi wani abu da ba ya gani.

"Mi na na kuma?"

"Bangon banɗaki ne, Baba. Gilashi ne."

"Gilashi." Ya shafa da tafin hannu, sama da ƙasa. "Wato mutum na zaune kan gado yana kallon ɗan'uwanshi na biyan bukata?"

"Akwai labule, Baba. Ana danna nan ya sauko."

"Kai kag gina wanga?"

"Ni na zana."

"To, madalla. Kakanninmu sun gina bango don kunya. Kai ka gina bango, sannan ka aza mishi zane don shi ma yana jin kunya."

Ummukulsum ta danne dariya da bakin mayafi. Kamal ya yi murmushin wanda aka taka wa ƙafa a masallaci. Ya ce za a kawo abinci.

"Kak ka wahal da kanka," in ji Baffa. "Na zo da gumbata. Wanda anka aika bincike ba ya cin tuwon wanda ake bincike. In na ƙoshi da naka, da wane baki zan hwaɗi laihinka?"

Ta bar su ta shiga nata ɗakin, fitilu suka tarye ta. Ta ajiye jaka, ta ɗago kai, sai ta tsaya cak.

A saman gadon, a tsakiyar bango, an rataye faifai.

Ta san shi kafin ta matsa kusa. Baƙar da'ira a tsakiya, farar kaba ta kewaye ta, sai jan layi guda da ya taso zai zagaye ya haɗe, ya zo gefen hagu ya karkace, ya yi tsalle, ya ci gaba a inda bai kamata ba.

Faifanta ne. Wanda ta saƙa a cikin takaba.

Bayan rasuwar Sulaiman, a watannin da ba ta fita ko ƙofar gida, mata suna shigowa su yi mata ta'aziyya su kuma duba ko ta rame yadda ya kamata. Don ta sami inda za ta ajiye idanunta, sai ta karɓi kaba da basilla a wurin innarta. Wannan karkacewar ta jan layi ranar da 'yan'uwan Sulaiman suka zo raba kayansa ce. Tana zaune tana saƙa tana jin su ta taga suna gardama a kan takalmansa. Hannunta ya kuskure. Ba ta warware ba.

Shekara ta zagayo, wata ta biyo. Kamal ya kawo mahaifiyarsa asibiti a Bodinga, ya gan ta, ya ci gaba da zuwa bayan tsohuwar ta warke. Ranar da ya tambaye ta ko za ta iya sake son wani, ba ta da amsar da za ta fito ta baki. Sai ta shiga ɗaki ta ɗauko faifan ta ba shi, ta sa yatsansa a kan inda layin ya karkace, ta gaya masa abin da ya faru a ranar. Ko innarta ba ta san wannan ba.

Ta miƙa hannu ta taɓa na bangon. Kabar sabuwa ce, tana sheƙi, saƙar ta fi tata kyau. Ba nata ba ne. An kwaikwaya ne, har kuskuren.

Wata mai shara ta bar ƙofar ɗakin da ke kallon nata a buɗe. Ummukulsum ta leƙa. A saman gadon can ma ga shi, jan layin ya zo gefen hagu ya karkace.

Da la'asar Baffa Malami ya ce ta sauko da shi, zai fara aikin da ya kawo shi. Ba ya tambayar manya. Ya zauna da maigadi a kan benci, ya zauna da direbobi, ya sa aka kai shi ƙofar kicin ya shinshina. Ya tambayi inda ake salla, aka nuna masa wata rumfa a baya, ya tambayi wanda ya sa aka yi ta. Ita dai tana biye da shi, tana amsa abin da aka tambaye ta.

Da suka dawo ta babban zauren karɓar baƙi ne ta ga na ainihin.

Yana cikin akwatin gilashi a bangon da ke fuskantar ƙofa, fitila ƙarama na haska shi daga sama. Ya dushe, gefensa ya ɗan cinye inda ta riƙa rufe ƙwaryar fura da shi. A gabansa wata budurwa mai kayan ma'aikatan otal na tsaye da baƙi biyu, mace da namiji, tana yi musu bayani da Turanci. Muryarta na da daɗi, irin ta wadda ta maimaita abu har ya daina yi mata nauyi.

Ta ce wannan shi ne zuciyar Rumbu. Wata matashiya ce mai suna Ummu, daga wani ƙauye da ake kira Danchadi, ta saƙa shi tana zaman makokin mijinta. Ta ce su dubi nan, inda layin ya karye: a ranar ne dangin mijin suka zo raba kayansa tana ji. Ta ce kowane ɗaki na da irinsa, don kowane baƙo ya kwana a ƙarƙashin labarin.

Matar ta dafa ƙirji. Namijin ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, sannan ya tambaya ko ana sayarwa.

"Mi take cewa?" in ji Baffa Malami. "Na ji kamar ta ambaci Danchadi."

Ummukulsum ta san kalma ɗaya ta isa. Sunan ɗiyar Malam Attahiru a bakin 'yan otal, ana karanta wa maza baƙi sirrin takabarta: ko Baffa bai kai gida ba, maganar auren ta mutu a nan.

"Albasa take yabo, Baffa," ta ce. "Wai daga wajenmu suke sayowa."

"To, sun san abin kirki," in ji tsohon, ya ja ta suka wuce.

Washegari suka ga likita. Aka ɗiga wa Baffa magani, aka ce ya rufe ido ya huta. Ya ƙi hawa sama, ya ce gilashin nan ya ishe shi. Aka shimfiɗa masa darduma a tsakar gidan otal ɗin, ƙarƙashin wata bishiya da aka dasa a cikin tukunya. Kamal da Ummukulsum suka zauna a kujeru nesa kaɗan, inda zai gan su da yana gani.

"Kin ga abin?" Kamal ya tambaya. Fuskarsa cike da murna, kamar yaron da ya ɓoye tsaraba. "Na hana kowa ya gaya miki. So nake ki gani da idonki."

"Na gani."

"Shi ne farkon komai, Ummu. Na zana wurin nan sau da yawa mai otal yana ƙi. Ranar da na ajiye faifanki a kan teburinsa na ba shi labarin, sai ya ce a gina komai a kansa. Launin bango, labule, har kayan ma'aikata, duk daga jikinsa na ɗauko."

"Ka ba shi labarin."

"E mana. Ai labarin ne ƙarfinsa."

"Na cikin ɗakuna fa, wa ya saƙa?"

"Matan Bodinga. Na kai musu hoto suka yi. Kin san gidaje nawa suka ci abinci da aikin nan?"

"Ka ce musu su karkatar da layin?"

"Da farko gyarawa suka riƙa yi, wai kuskure ne. Sai da na mayar musu da su."

Ta dube shi. Ba mugunta a fuskarsa, ko ɗigo. Da akwai, da abin ya zo mata da sauƙi.

"Kamal, ka san mi nib ba ka ranar nan?"

"Faifai kika ba ni, da amanarki. Shi ya sa na sa shi inda duniya za ta gani."

"Duniya ta tambaye ka?"



Hawayen da ta riƙe tun jiya suka zubo. Ba ta share ba, ta dai rage murya don kada Baffa ya ji.

"Wata huɗu mata na shigowa suna kallona. Wagga ta ce ban yi kuka sosai ba, waccan ta ce na cika kuka kamar ban yarda da ƙaddara ba. Kowa na da rabo cikin mutuwar Sulaiman, har takalmanshi an raba. Abu guda nir riƙe wanda ba a raba ba, shi na ranar nan da hannuna ya kuskure. Na ɓoye ma Inna, na ɓoye ma ƙawayena. Kai kaɗai nib ba. Jiya ina tsaye wata yarinya na karanta shi ma wani ƙato mai gajeren wando, yana tambaya ko na sayarwa na."

"Wallahi girmama ki na yi nufi."

"Na sani. Shi na abin da ya hi ciwo."

"Ummu, a nan idan ana son abu, haska shi ake yi. Haka na koya. Na ɗauka idan kika ga sunanki..."

"A gidanmu in ana son abu, ruhe shi akai. Kai ma can anka haihe ka. Faifai ma don ruhi aka yin shi."

Wata mota ta wuce a waje da kiɗa, 'yan gahawa suka yi dariya a kan wani abu nasu.

"To me kike so in yi?" ya tambaya a hankali. "Ki faɗa, zan yi."

"Ka ciro min nawa. Yanzu. In sa shi cikin jaka in koma da shi. Ka kuma hana su ambaton sunana."

"Sunan, yau ɗin nan zan hana." Ya gyara hular da ta yi masa yawa. "Faifan kuwa... bari in yi magana da mai otal. Ya yi tafiya, amma da ya dawo..."

"Mi ya haɗa shi da shi?"

"Kin gane, da aka buɗe wurin, duk abin da ke jikin bango ya shiga cikin kayan otal. Akwatin ma mabuɗinsa ba ya hannuna. Amma mutumin kirki ne, zan yi masa bayani, in ce a sa wani a madadinsa. Ki ba ni lokaci kaɗan."

Ummukulsum ta share fuskarta da gefen mayafi. Kukan ya tsaya da kansa.

"Wato ba naka ba na yanzu."

"Ba haka nake nufi ba."

"Na ba ka, kai kuma ka bayar."

"Ummu, don Allah. Kada ki bar wannan ya raba mu. Baffa ya ji?"

"Bai ji ba. Na yi mishi ƙarya saboda kai. Ban taɓa yi mishi ba sai jiya."

Daga kan darduma tsohon ya yi gyaran murya, idanunsa a rufe. "Ku yara, in kun ƙare shawarar duniya, a zo a kai ni in yi alwala."

Da safe Kamal ya kai su tasha da kansa. Ya durƙusa ya yi wa Baffa sallama. Ya zagayo tagar da take zaune ya tsaya, idanunsa sun yi ja. Ya ce zai kira ta. Ta ce Allah ya kiyaye.

Sun wuce Gusau, sun wuce Talatar Mafara, kafin Baffa Malami ya buɗe maganar. Ƙasa ta fara zama irin tasu, gero ya yi kai a gonaki.

"Ɗiyata, na ga yaronki, gwargwadon ganina. Maigadi yac ce bai taɓa shigowa bai gaishe shi ba. Direbobi sunka ce shi ya yi hwaɗa har anka yi musu wurin salla. Kicin ɗin na shinshina, ban ji giya ba. Banɗakinshi dai na mahaukata na, amma ba a hana mutum mata don banɗaki." Ya juyo da idonsa mai sauran gani. "Ke hwa? Na ce in kin ga abin da bai dace ba ki hwaɗa min. Kin ga wani abu?"

Kafin ta amsa, wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya laluba ya miƙa mata ta duba.

"Baba na," ta ce.

Ta danna ta sa masa a kunne. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi ido, aka tambayi hanya, aka tambayi ruwa. Sannan ta ji muryar mahaifinta ƙasa-ƙasa yana tambayar abin da ya kira dominsa.

"Yaya, ban ga aibi ba," in ji Baffa Malami. "In ni na, sai in ba shi."

Mahaifinta ya amsa daga can.

"To, alhamdu lillahi. Na yi alkawari, ba ni tashe shi. Ba ni ita."

Wayar ta dawo hannunta da ɗumin kunnen tsohon. Abin da ta yi shekara tana roƙo a kan darduma, ga shi an miƙo mata a cikin motar haya, tsakanin buhun wani da akuyar wani.

"Ummu, kin ji Baffanki. Sai ki hwaɗa ma yaron shi turo magabatanshi. Su Naziru ni zan ba su haƙuri."

"Baba, ka ba su Naziru haƙuri." Ta gyara wayar a kunne. "Amma kak ka karɓi goron kowa tukuna."

Baffa Malami ya juyo gaba ɗaya.

"Ban gane ba," in ji mahaifinta. "Ba ke kin nace ba? Ko wani abu yay yi miki can?" Muryarsa ta canza. "Ummukulsum, ki hwaɗa min gaskiya. Ya taɓa mutuncinki?"

Ta dubi gonakin da ke gudu a bayan gilashi.

"Bai taɓa ni ba, Baba," ta ce. "Rataye ni yay yi a bango."